Makarantar Leƙen Asiri ta Ya Aisa

Duk amaryar da aka kai ɗakinta a Gure cikin shekarun da na yi wayo da waɗanda suka gabace su, in dai iyayenta sun san abin da suke yi, to da turaren wutar Ya Aisa aka kai ta. Ba yabonta nake ba. Matar nan ba ta buƙatar yabona, da kanta take yabon kanta tun daga sallar asuba.

Can wajen Gidigir aka haife ta, a wani ƙauyen Barebari da ke cikin kwari, inda dabino ya fi mutane yawa. Gwaggonta da ta yi zama a Injamena ita ta koya mata haɗa turaren wuta da humra, aure kuma ya kawo ta Gure. Mijinta Manzo gardi ne, mai gadin ƙofa, ya rasu tun ina goye. Ɗiyarta ɗaya tana aure a Difa, ba ta zuwa sai da salla. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da namu, saboda haka na tashi ina jin muryarta fiye da ta uwata. Gajera ce, haƙora jajaye da goro, bakinta kuwa ko mai unguwa ba ya tsayawa ya ji ƙarshen zancenta. Ta taɓa korar uwar amarya da kwalbarta a hannu don kawai matar ta tambaya ko akwai ragi.

A shekarar da muka yi jarabawar birebe ta gama ƙaramar sakandare ne abin ya juya mata baya. Masu saye suka soma ja da baya, ba wanda ya ce komai. Wadda da take aiko da manyan kwalabe sai ta aiko da ƙaramar roba, wadda take aiko da ƙaramar roba sai ta aiko da gaisuwa. Aka yi biki uku a unguwarmu ba a leƙo ƙofarta ba. Duk sun koma gidan Sa'adatu, matar wani mai kanti ɗan Damagaram, wadda a shekaru Ya Aisa ta haife ta, har ta yi jika da ita. Ba yunwa Ya Aisa take tsoro ba, tana da akuyoyinta da itatuwan dabinonta. Sunanta take tsoro, kada a wayi gari a ce amaren Gure sun daina ƙamshinta tana raye.

Ta zauna ta yi lissafi, ta gano cewa yarinyar nan tana sa wani abu a tukunyarta. Ko dai wani ice ne daga Cadi da ba a sani ba, ko rubutun malam. Abin da ya rage kawai shi ne a san mene ne.

Mu uku muna bakansi lokacin, hutun ƙarshen shekara, ba zuwa lakwal ba aikin kirki: ni Biba, da Huda, da Ummul Kulsum ɗiyar limamin unguwa. Zauren Ya Aisa ya fi ko'ina sanyi, can muke tarewa muna kallon fim a salular Huda. Ranar nan muna kallon wasu 'yan mata sanye da baƙaƙen kaya suna hawa katanga don sato sirrin abokan gaba, ashe tsohuwa na tsaye a kanmu.

Ta ce, “Waɗannan me suke yi?”

Huda ta ce, “Leƙen asiri, Ya Aisa.”

“Da hawan katanga? Gidan ba shi da ƙofa ne?” Ta tofar da goro. “Ba su san aiki ba. Mace in tana son jin sirrin gida, sallama take yi ta shiga, a ba ta tabarma da ruwa. Ni Manzo ya koya mini wannan aikin tun ba a haifi uwayenku ba.”

Kowa a Gure ya san aikin marigayi Manzo bai wuce zama a bakin ƙofa da ɗaga sanda in mota ta zo ba, sai dafa shayi. Kafin la'asar ta ɗauke mu aiki, ladanmu fura da dabino, da alƙawarin kwalbar humra ranar aurenmu.

A ɗakin turare take ba mu horo, don kada maƙwabta su ji, alhali muryarta har bakin titi. Ɗaki ne marar taga, tukwane da kwalabe jere har rufi, kasko kullum yana hayaƙi a lungu. Darasin farko, ta zuba tarkace a faifai, allura da kanumfari da maɓalli da makulli, ta buɗe ta rufe, ta ce mu lissafa. Wadda ta manta abu ɗaya ta sha ranƙwashi. Darasi na biyu, yadda ake kallon abu ba a juya wuya ba. Huda ta dage da wannan har innarta ta tambaye ta ko ciwon ido ya kama ta. Darasi na uku shi ne gaisuwa. Ya Aisa ta ce gaisuwa ce babban makami, domin muddin kina tambayar gida da yara da gajiya da dabbobi da mutanen ƙauye, ba mai korarki, idonki kuwa yana yawo cikin tsakar gida. Ta sa muka gaishe da turmi har sai da na ji na san danginsa.

Ni dai ba don ina ba da labarin ba, na fi su iyawa. Huda dariya ce ciwonta, ko kallonta aka yi da kyau sai ta fashe. Ummul Kulsum kuwa matsalarta ta fi girma, ba ta iya ƙarya ba. Ba wai ba ta so ba ne, tana so ƙwarai, amma duk ƙaryar da ta fito bakinta sai istigfari ya biyo ta a baya kamar ɗan akuya da uwarsa.

Ya Aisa za ta ce, “Yarinya, daga ina?”

“Daga Gidigir. Astagfirullah.”

“Ki yi shi a zuci mana, ɗiyar malam.”

“To, Ya Aisa. Daga Gidigir.” Sai ka ga leɓenta na motsi.

Da muka ɗan ƙware, ta tura mu gwaji ranar kasuwa. Ta ce mu bi wani mai kanwa daga rumfarsa har inda zai kwana, kada ya gan mu. Muka bi shi ta cikin masu raƙuma, ta layin masu barkono, muna laɓewa bayan buhuna. Ni har da sayen kuka da ba a aike ni ba, don kada a gane. Muna isa tasha mutumin ya juyo, ya yafito Huda.

Ya ce, “Ke ba ɗiyar Mustafa mai gyaran babur ba ce? Tun ɗazu nake ganinku, na ce ko kunya ta hana ku gaishe ni. Ungo wannan, ki kai wa babanki.”

Haka muka dawo, Huda ɗauke da dunƙulen kanwa a ka. Ya Aisa ta dube mu ta dubi kanwar, ta ce laifin fuska ne. A Gure ba a ɓoye fuska a bayan buhu, kowa ya san hancin gidan kowa. Don haka ta buɗe akwatinta ta fito da dogayen hijabai da niƙabi uku, waɗanda ɗiyarta ta bari, ta rataye su a ɗakin turaren har ranar aiki. Mu ma kullum muna cikin ɗakin nan. Innata ta soma cewa in riƙa shanya kayana a igiya kafin in shiga ɗakinta, na ɗauka zufa take nufi, har na yi fushi.

Ranar aiki ta zo. Labarin da aka shirya mana shi ne mu baƙi ne daga Gidigir, yayarmu za ta yi aure bayan girbi, an aiko mu ganin turare. Ni zan yi magana. Huda za ta nemi bayan gida don ta ratsa ta wajen murhu. Ummul Kulsum za ta yi shiru, shi ne iyakar abin da aka roƙe ta. Abin da ake so mu dawo da shi biyu ne: sunan abin da ake sawa a tukunya, da ɗan ƙullin turaren. Ya Aisa ta raka mu har zaure, ta tofa mana addu'a, ta ce in aka kama mu ba ta san mu ba.

Muka yi sallama a gidan Sa'adatu da hantsi. Mace ce doguwa mai sanyin magana, tana tsugune tana juya wani abu a tukunya. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Na shiga gaisuwa kamar yadda aka koya mini, na canza murya, na tambayi gida da yara da gajiya, har na gangara kan dabbobi, alhali ko kaza ban gani a gidan ba. Ta amsa duka ba ta gaji ba. Da na kai ƙarshe, ta gyara zama.

Ta ce, “To madalla. Yaya kuka baro Ya Aisa?”

Huda ta fashe da dariya a cikin niƙabi har mayafin yana rawa. Na ce, “Wace Ya Aisa, Tanti? Mu daga Gidigir muke.”

Ummul Kulsum, wadda ba ita ta yi ƙaryar ba, ta ce, “Astagfirullah.”

Sa'adatu ta yi murmushi. “Ku cire abin nan ku sha iska, zafi ake yi. Tun kuna zaure na ji ku. Ko makaho ya san daga ɗakin da kuka hito.”

Muka cire, ba yadda za mu yi. Kunya ta kama ni, amma wani abu ya fi kunyar damuna. Ya Aisa ta yi tunanin fuska, ta yi tunanin murya, har takalma sai da ta sa muka canza. Ta yaya matar da ta ƙare rayuwarta a kan ƙamshi za ta rataye kayan ɓad da kama a cikin hayaƙin turarenta, ta turo mu gidan mai turare?

Sa'adatu ba ta ɓoye mana komai ba. Ta jawo mu bakin murhu da kanta, ta nuna mana icen sandal, da kajiji, da sukarin da ake narkawa, da kwalaben turare. Babu ice daga Cadi, babu rubutu. Kayanta ma ba su kai rabin na Ya Aisa ba. Sai ta ɗauko wata roba da aka jiƙa farce a ciki, wato ɓawon nan na ruwa da ake soyawa a daka, wanda shi ke riƙe ƙamshi a jikin tufa.

Ta ce, “Wannan in ba a wanke shi ya hita ba, ƙarni yake yi kamar kihi. Ba a gane ya hita da ido, sai da hanci. Ku sunsuna hijabanku.”

Muka sunsuna. Mun daɗe a ciki har mun saba, amma da aka faɗa sai muka ji shi. Ƙarni ne, da ƙaurin sukarin da ya wuce wuta, ƙamshin yana can ƙasa an danne shi. Nan na gane abin da innata take nufi da igiya.

Huda ta daina dariya. Ta ce, “To me ya sa ba a gaya mata ba?”

“Wa zai gaya mata? Ni da ta haifa a shekaru? Ko innarki?” Sa'adatu ta girgiza kai. “Mata suna saye kaɗan don kunya, su je gida su ba 'yan aiki. Wallahi ba na jin daɗin yadda suke zuwa mini. Ni da turarenta aka kawo ni garin nan, dangin mijina suka saya. Shekara da shekaru ina neman in haɗa irinsa, ban iya ba.”

Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar kwalba, saura kaɗan a gindinta. Ta ce na aurenta ne, ba ta sa shi sai ranar salla. Ta zazzage shi duka a ƙyalle ta ƙulle, ta danƙa mini. Ta ce, “An ce ku koma da ƙulli, ko? Ku kai mata wannan. Ku ce ina gaishe ta.”

Muka kama hanyar gida. An koya mana bin mutum da kallon gefen ido, amma ba a koya mana yadda ake gaya wa tsohuwa irin wannan magana ba. Na so ƙwarai mu ce rubutun malam ne mu huta. Na tabbata za ta fi jin daɗin haka.

Muka same ta a ɗakin turare, ta hura garwashi tana jira. Kafin in buɗe baki ta fizge ƙullin daga hannuna, ta ɗebi rabi ta zuba a kasko. Hayaƙi ya tashi. Ban san yadda zan kwatanta ba, sai dai in ce nan take na tuna zanen innata lokacin da nake ƙarama, da ranar da aka kai yayata ɗaki. Ya Aisa ta sunkuya, ta jawo hayaƙin da hannu zuwa fuskarta, ta ja dogon numfashi kamar gwana. Sannan ta taɓe baki.

Ta ce, “Wannan ne? A kan wannan suka bar ni? Ai wannan kashin awaki ne aka yayyafa wa turare. Wadda ta haɗa shi ko wanke-wanke ba zan ba ta ba.”

Huda ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ummul Kulsum, wadda aka roƙa ta yi shiru tun safe, ita ta yi magana.

“Ya Aisa, naki ne.”

“Na wa?”

“Naki ne, na da. Da shi aka kawo Tanti Sa'adatu. Ta ce tana gaishe ki.”

Na yi tsammanin ranƙwashi, har na kare kaina. Ba ta ɗaga hannu ba. Ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunne, ta ce mu gaya mata duka, muka gaya mata: yadda aka gane mu tun daga zaure, da robar farce, da matan da ke saye don kunya. Ban taɓa ganin Ya Aisa ta saurari magana har ƙarshe ba sai ranar. Tausayinta ya kama ni har na ji haushin kaina da na iya ba da rahoto.

Ta ce, “Tun zazzaɓin da na yi damina biyu da suka wuce hancina ya daina jin ƙamshi. Na ce mura ce, za ta tahi. Hannuna ya san awo, na ce ya isa.” Ta ɗago kai. “Su wa suka sani?”

Huda ta ce, “Kamar dai kowa.”

“Kowa. Gari guda ya riƙe sirri shekara biyu, ni kuma ina nan ina koya wa yara leƙen asiri.” Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Sannan ta nuna kwalaben da ke jere a bango, aikin shekara guda, ta ce Huda da Ummul Kulsum su kwashe su duka su kai bayan gida su zubar, kada su bar ko ɗaya. Ta ce gobe mu zo da sassafe ba niƙabi, akwai farcen da za a wanke, kuma duk wadda ta ji ƙarni ta yi shiru don kunya, ita da gidan nan har abada.

Suka fita da kwalaben, aka bar ni da ita. Ta kwance ƙyallen, ta zuba sauran turaren a kan garwashi, ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da kaskon.

Ta ce, “Biba, me kike ji?”

Na ce, “Wani abu mai zaƙi, kamar ice.”

“Sandal ne, shi ke hitowa gaba. Jira. Yanzu kajiji zai biyo shi, mai sanyi, kamar an yi yayyafi a kan rairayi.”

Na jira, sai ga shi kuwa. Na ce ya zo.

“To saura farce. Shi ba ya gaggawa, daga ƙasa yake tasowa, sai kin ɗauka an gama.” Ta rufe ido, hannunta yana riƙe da nawa. Garwashin ya soma yin toka. Can ta ce, “Ya zo?”

Na ce, “Ya zo, Ya Aisa.”

“Ba ƙarni?”

“Ko kaɗan.”

Ta daɗe ba ta buɗe ido ba. Sannan ta ce a hankali, ba da ni take ba, “Ashe dai na iya.”